Tambaya da Amsa: Ina alamomin da ke bayan waya suka tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tsohuwar wayata tana da rubutu a bayanta: CE, da FCC ID, da hoton kwandon shara da aka soke. Na sayi sabuwa, na juya bayanta ban ga komai ba sai sunan kamfani. Jabu aka sayar mini ke nan? Kuma me alamomin suke nufi?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, rashin rubutun kaɗai bai isa a ce jabu ce ba. Tun 2014 Amurka ta yi dokar da ta yarda na'ura mai allo ta nuna shaidarta a cikin manhaja maimakon a jikinta. Ki shiga saitin wayar, ki buɗe wurin bayanin waya, galibi a nan za ki tarar da su jere. Ki duba kwalin ma.

Dalilin waɗannan alamomi shi ne duk abin da ke aika saƙo ta iska, waya ce ko rauta (na'urar raba intanet) ko abin sauraro na Bluetooth, yana raba zangon rediyo ne da wasu, har da jiragen sama da masu aikin ceto. Dole a tabbatar bai wuce ƙarfin da aka yanka masa ba, kuma bai shiga zangon wani ba. Ga kuma lafiyar jiki: Amurka ta ƙayyade ƙarfin rediyon da jiki zai iya sha daga waya a wat 1.6 a kowane kilo, Tarayyar Turai kuma wat 2, sai dai yadda suke awon ya bambanta, don haka kada ki ce ɗaya ta fi ɗaya sakaci.

Abin da nake so ki riƙe, Malama, shi ne alamomin nan ba nauyinsu ɗaya ba. CE ta Turai ce, kuma a mafi yawan lokuta kamfanin ne da kansa yake rubuta takarda ya ce kayansa sun cika sharuɗɗan dokar na'urorin rediyo ta 2014, sannan ya buga haruffan. Kamfanin kirki yana gwaji kafin ya sa hannu, kuma ana iya kama shi in ya yi ƙarya. Amma mai haɗa jabu, buga haruffa biyu ba ya masa wuya ko kaɗan.

FCC ID ita ce na fi ba wa muhimmanci, domin lamba ce da ake iya bin diddiginta. Haruffa uku ko biyar na farko na kamfani ne: na Apple BCG, na Samsung A3L. Sauran kuma na samfurin ne. Idan kika sa lambar a shafin FCC, wato hukumar sadarwa ta Amurka, za ki ga sunan kamfanin, da rahoton gwaji, sau da yawa har da hotunan na'urar ciki da waje. In lambar da ke kan abin sauraronki ta fito da hoton rauta, ko ta ƙi fitowa sam, to an kwafo ta ne. Ki sani dai, wayar da ba a yi ta don kasuwar Amurka ba tana iya zama ta gaske ba tare da wannan lamba ba.

Kwandon sharar da aka soke yana nufin kada a jefa ta cikin shara ta gida.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke alƙawarin batir zai daɗe ko kyamara za ta yi kyau. Wannan wani zance ne daban. Kuma amincewar Turai ko Amurka ba ta maye gurbin ta ƙasarki, kusan kowace ƙasa hukumar sadarwarta tana da nata rajistar samfuran da ta yarda a sayar. Game da sabuwar wayar taki, ki danna *#06#, ki gwada lambar IMEI (lambar shaidar wayar ita kanta) da ta fito da wadda ke kan kwali. Idan suka saɓa, ki mayar wa wanda ya sayar miki tun rasit yana hannunki.