Gidan maƙwabcinmu ya zama kango, zan iya tono shuke-shuken ciki in dasa a gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista, don Allah ina da tambaya. Akwai wani gida jikin namu a nan Kano, maigidan ya rasu yau shekara huɗu kenan, matarsa ta koma garinsu, 'ya'yan kuma kowa ya kama gabansa, ba kowa a ciki har katangar baya ta zube da daminar bara. To akwai zogale a ciki da lalle da wasu 'yan ƙananan gwaiba da lemun tsami da suka fito, awaki sai cinye su suke yara kuma suna karyawa, abin yana min ciwo wallahi. Ina so in tono ko guda uku ne in dasa a gidana. Maigidana ya ce sata ce, ƙawata kuma ta ce ai tsintuwa ce tunda ba mai so. Wanne ne gaskiya, kuma in na ɗauka hukuma za ta iya kama ni?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan maƙwabcinku. Maigidanki ya fi ƙawarki gaskiya, amma ni dai ban ga ɓarauniya a tambayarki ba, ɓarawo ai ba ya tsayawa tambaya, na ga mace ce da take kallon dashe yana mutuwa ranta yana ɓaci, kuma nima abin yana taɓa ni. Sai dai ki riƙe wannan da kyau, gidan da ba kowa a ciki daban, gidan da ba mai shi daban. Wannan gidan yana da masu shi, ranar da mutumin nan ya cika gidan da duk abin da ya tsiro a cikinsa ya koma hannun magada, ko an raba gado ko ba a raba ba, ko suna zuwa ko sun shekara goma ba su leƙo ba.

Maganar tsintuwa ba ta ma taso ba. Tsintuwa abin da ya ɓace wa mai shi ne aka same shi a yashe ba a san na waye ba, kuma ko ita ɗin in tana da daraja sai an yi cigiyarta shekara guda. To gwaibar nan ba ɓata ta yi ba, tana nan inda Allah ya tsirar da ita cikin gidan masu ita, ke kuma kin san gidan waye.

A ɓangaren hukuma, dokar hukunta laifuka ta Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta yi maganar nan ƙarara. Sashe na 286 shi ya fassara sata, wato ɗauke kayan da ake iya ɗauka daga hannun mai shi ba da yardarsa ba da nufin cin haƙƙinsa. Mutane da yawa suna cewa ai itace ba kayan ɗauka ba ne, eh, yana tsaye a ƙasa ba ya satuwa, amma daga lokacin da kika raba shi da ƙasa ya zama kayan ɗauka, tonowar da ɗaukewar sun haɗu sun zama sata, sashe na 287 kuma ya ce hukuncin zai iya kai ɗaurin shekara biyar ko tara ko duka biyun. Shigar ma kanta laifi ce daban in an shiga da niyyar aikata laifi, wannan yana sashe na 342, kuma zubewar katanga ba izini ba ce. Wasu jihohin kamar Kaduna sun sake rubuta tasu dokar a 2017 lambobin sashe sun canza, amma maganar dai ita ce. Gaskiya da wuya alƙali ya ɗaure mutum shekaru a kan dashe uku, dokar ma tana kau da kai daga cutarwar da ta yi ƙanƙantar da mai hankali ba zai kai ƙara a kanta ba. Ni abin da nake ji miki ba kotu ba ne, a ce an kira ki ofishin 'yan sanda ko gaban mai unguwa a kan lemun tsami, ko wani yaro ya hango ki cikin kangon da magariba ya kwarma ihun ɓarawo kafin a gane ke ce, kin san yadda unguwanninmu suke yanzu.

A shari'ar Musulunci kuma abin mamaki kusan irin tambayarki ta taɓa faruwa a Madina, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Wani bawa ya ciro ƙaramin dashen dabino daga gonar wani mutum ya je ya dasa a gonar ubangidansa, mai dashen ya yi ta nema har ya gano shi, ya kai ƙara wurin Marwan ɗan Hakam, gwamnan Madina a lokacin, Marwan ya tsare bawan yana shirin yanke masa hannu. Sai ubangidan ya tafi wurin sahabi Rafi'u ɗan Khadij, shi kuma ya ce ya ji Manzon Allah SAW ya ce ba a yanke hannu a kan 'ya'yan itace ko zuciyar bishiyar dabino, suka je tare ya faɗa wa Marwan aka saki bawan. Kinga haddi ya faɗi, amma ba wanda ya ce dashen ya zama halal, kuma ki lura mai gonar bai ce ai ɗan ƙaramin abu ne ba, bin sawunsa ya yi har ya gano. Akwai kuma hadisin da ya yi rangwame ga mabuƙacin da ya ci 'ya'yan itace a nan take bai ƙunsa a riga ya fita da su ba, wannan ci ne na yunwa, bai shafi a tono itacen da saiwarsa ba. Shiga gidan ma, aya ta 28 a suratun Nur ta ce in ba ku sami kowa a ciki ba kada ku shiga sai an yi muku izini.

Wani abin da ya fi tsorata ni da irin gidajen nan shi ne marayu. Sau tari abin da ya sa aka bar gidan gado a rufe shi ne akwai yara ƙanana a cikin magada ko rabon ya gagara, to kinga kowane reshe na zogalen nan akwai kason maraya a jiki. Sannan ba ki san me shukar take a wurinsu ba. A gidan kakarmu akwai wani lalle a bayan ɗakinta da ita ta dasa da hannunta, da shi aka yi wa iyayenmu mata ƙunshin aure, bayan rasuwarta gidan ya yi shekaru a rufe, ranar da gwaggona ta zo daga nesa ta buɗe ƙofa kai tsaye wurin ta nufa sai ta tarar da rami, wani ya tone shi tun daga tushe. Ta tsuguna bakin ramin nan tana taɓa ƙasar tana kuka, har yau ina ganin abin a idona. Na tabbata wanda ya ɗauka shi ma cewa ya yi ba mai so, kuma da ya tambaya wallahi da ta ba shi reshe goma.

To ki tambaya mana. Maƙwabtaka ce fa ta shekaru, ba za a rasa lambar matar ko babban ɗan ba, in babu ki sa maigidanki ya je wurin mai unguwa ko limamin masallacinku ko dillalin da aka bar wa gidan, ɗayansu zai haɗa ku. Amma ki sani mai unguwa da dillali da maigadi hanya ce kawai, ba su da ikon kyautar da abin da ba nasu ba, "ɗauki kawai Hajiya ba komai" daga bakin maigadi ba ta wanke ki ba. In kin samu babban magajin ki gaya masa gaskiyar halin da gidan yake ciki, katanga ta zube awaki suna shiga, wannan kaɗai alheri ne kika yi musu don ƙila ba su ma sani ba, sannan ki faɗi abin da kike so da adadinsa, ya amsa miki ta saƙon WhatsApp ko ya yi miki murya ki ajiye. In akwai marayu a ciki ni shawarata ki saya, ki tambayi masu sayar da dashe a bakin titi nawa suke sayar da irinsa ki tura kuɗin a sa cikin gado, sai ki ci gwaibarki hankali kwance.

In sun amince ma ba sai kin tone komai ba. Zogale da lalle duk suna kamawa da reshe, ki sari reshen zogale mai ɗan kauri kamar kamu biyu ki kafa shi da farkon damina, uwar tana nan a gidansu ke ma kin samu taki. Gwaiba da lemun tsamin su ne sai an tono, ki ba su ruwa tun ana gobe za a tone su, ki tona da yamma da ƙasar jikinsu kar ki girgiɗe saiwar, ki yi musu 'yar inuwa na kwana bakwai zuwa goma. In kuma an yi ta nema ba a same su ba, ki bar su inda suke, maigidanki ya sanar da mai unguwa a samu ƙaya ko tsohon kwano a toshe inda katangar ta zube saboda awakin, har Allah ya kawo masu gidan.