Jaridar da ba a saye: yaya Chicago Reader ta rayu?

Tambaya: Na ji labarin wata jarida da ta fara a matsayin ta mako-mako a birnin Shikago na Amurka mai suna Chicago Reader, wadda ake raba ta kyauta fiye da shekara 50. Mene ne tarihinta, kuma ina take samun kuɗin bugu?

Amsa: Jaridar ta fara fitowa ranar 1 ga Oktoba, 1971, a hannun wasu matasa abokan juna da suka yi karatu a kwalejin Carleton ta jihar Minnesota, ƙarƙashin jagorancin Robert Roth. A wancan zamani, duk jaridar da aka bayar kyauta kallon takardar talla ake mata, domin ko Village Voice ta New York, wadda ta girme ta da shekara 16, sayar da ita ake yi har zuwa 1996.

Kyautar nan ba sadaka ba ce, dabarar kasuwa ce. Ana jibge jaridar a shagunan littattafai da na faya-fayai da wuraren shan gahawa, kowa ya ɗauka ya wuce, yawan masu ɗaukar kuwa shi ke jawo masu talla. Wani babban kaso na kuɗin ya riƙa fitowa ne daga ƙananan tallace-tallace masu layi biyu ko uku: mai ɗakin haya, mai tsohuwar mota ta sayarwa, mawaƙin da ke neman makaɗi. Da wannan kuɗi ne editocin suka sami sararin barin labaran yau da gobe ga manyan jaridu irin su Tribune, suka koma ga dogayen rahotanni. A 1977 sun buga maƙala guda mai kalmomi kusan 20,000 a kan kiwon zuma kawai, abin da a ganina babu jaridar kullum da za ta yarda ta yi.

Da intanet ta bunƙasa, shafin Craigslist ya fara ɗaukar mafi yawan irin waɗannan tallace-tallace ba tare da karɓar ko kwabo ba, sai rijiyar ta fara ƙafewa. A 2007 masu jaridar suka sayar wa kamfanin Creative Loafing, wanda shi ma ya durƙushe da bashi a 2008. Ta ci gaba da sauya hannu, a 2012 ta koma wajen masu jaridar Sun-Times, a 2020 aka rage ta zuwa sau ɗaya a mako biyu. A 2022 ta zama ƙungiyar da ba ta neman riba, inda a lokacin ta riƙa haɗa kuɗin talla da gudummawar masu karatu da ta gidauniyoyi.