Majalisar ƙauye a Ingila ba ta coci ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko majalisar farish (farish asalinsa yanki ne na coci guda) ta ƙauye irin Grantchester, kusa da Kambirij, ƙarƙashin coci take. A'a. A da haka ne: taron mutanen cocin ne ke karɓar haraji, ya kula da gajiyayyu da gyaran hanya. Dokar 1894 ce ta raba gari, coci ta tsaya kan ibada, harkar mulki ta koma hannun zaɓaɓɓun kansiloli. Ƙauyen kansa ya girmi wannan tsari nesa ba kusa ba, don sunansa na cikin kundin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka yi a 1086.

Sai dai kada ka ɗauke ta kamar ƙaramar hukuma, ƙarfinta bai kai can ba. Na taɓa zama taron irin wannan majalisa a wani ƙauye: 'yan mutane a ƙaramin zaure, aka kusa cinye sa'a guda kan yankan ciyawa da wani benci da ya karye. Izinin gini kuwa, ra'ayi kawai suke bayarwa, majalisar gunduma ke yanke hukunci. Ramin titi ma sai ka kai kuka majalisar lardi.