Kansar hanji ta kama mahaifinmu da yayana: gado ce?

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12 da ke Legas, shekarata 34. Kansar babban hanji ce ta yi ajalin mahaifinmu yana da shekara 52, ga shi yanzu an same ta a jikin yayana mai shekara 41. Gado ce? Ni dai lafiyata ƙalau, sai ɗan jinin basir jefi-jefi.

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba yayanka lafiya. Yawancin kansar hanji ba gadonta ake yi ba. Amma uba da ɗa, ɗan kuma bai kai 50 ba, dole mu yi zargin ciwon Lynch, wani ciwon gado wanda ke haddasa kusan kashi 3 cikin 100 na wannan kansa.

A jikin mutum akwai ƙwayoyin gado da aikinsu gyaran kuskure duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu biyu, sunayensu MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Wanda ya gaji ɗaya a lalace, kuskure na saurin taruwa a hanjinsa, ƙaramin tsiro ya rikiɗe ya zama ciwon kansa tun da ƙuruciya; wannan shi ne ciwon Lynch. Ba sai an yi auren zumunci ba, daga uba kaɗai ko uwa kaɗai ya isa, kuma kowane ɗa, mace ko namiji, hamsin-hamsin ne: ko ya gada ko ya tsira.

Gwaji daga yayanka ake farawa. Ku roƙi likitansa a duba naman da aka ciro ko akwai alamar Lynch. In an gani, sai a tabbatar da gwajin jini, a gwada ku.

Kai kam kada ka jira wannan. Ƙa'ida ita ce a fara leƙa hanji shekara 10 kafin shekarun da aka gano cutar a jikin mafi ƙuruciya a gidan, wato 31, ka ga har ka wuce. Je ka asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja ka nemi kolonoskofi: bututu ne mai kyamara, in an ga tsiro a cire shi nan take. Idan Lynch ta tabbata, duk shekara ɗaya zuwa biyu za a maimaita.

Jinin nan ne ya fi damuna. Mutane da yawa na shan sassaƙen basir wata da watanni, alhali ƙari ne ke zubar da jinin. Don Allah bar kiransa basir sai an duba.

Ka kuma sanar da 'yan'uwanka mata, har na gida Arewa, domin Lynch na jawo kansar cikin mahaifa. Duk wadda ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ta garzaya asibiti.