Hukuncin gyaran ƙwayoyin gado don maganin sikila

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni uwa ce a Garwa, ɗana mai shekara 14 yana fama da sikila. Da hunturu ya kama, ko zafin Afrilu ya tsananta, sai ciwon ya tashi, ya kwana yana kukan ƙashi, ina gasa masa gwiwoyi da tsumma da ruwan ɗumi har asuba. Ƙanena da ke Faransa ya ce an samo magani ta hanyar gyara ƙwayoyin gado, amma wan mijina ya ce wannan sauya halittar Allah ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma baiwar Allah ya ba ki ladan jinya.

Maganin da ƙanenki yake nufi shi ne Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, ga masu shekara 12 zuwa sama. Likitoci suna ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin kansa, su yi musu gyara da dabarar Kirisfa, wato hanyar yanka ƙwayoyin gado a daidai wurin da ake so, yadda za su koma yin irin sinadarin jini na ɗan tayi, wanda ke hana jajayen ƙwayoyi lanƙwashewa kamar lauje, sannan su mayar masa da su. Wannan sinadari ne ke kare jariri mai sikila a watannin farko, shi ya sa galibi ciwon ba ya bayyana sai wajen wata shida. A gwajin da Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun shekara cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba.

Ayar da wan mijinki yake nufi ita ce ta 119 a suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin umartar mutane su sauya halittar Allah, kuma tsoronsa na mai tsantseni ne, sai dai ayar ba ta hau kan wannan mas'ala ba. A hadisin Ibnu Mas'ud an la'anci masu yin wushiryar gangan "domin kyau", Imamu Nawawi kuma ya fahimci cewa idan don magani ne ko gyara aibi, babu laifi. Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa, ya yi wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. A nan kuwa ba a shigar wa yaron komai na wani mutum ko na dabba ba, abin da Allah ya riga ya halitta a jikinsa aka farkar. Don haka ya halatta, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta halatta amfani da wannan ilimi wajen magani da rigakafi tun zamanta na Makka a 1998.

Inda nake son ki tsaya ki yi nazari shi ne illarsa, domin "babu cuta, babu cutarwa", kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba majinyaci magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda ke share ɓargonsa, ya bar shi makonni a asibiti garkuwar jikinsa a karye, kuma yana iya hana shi haihuwa har abada. Haihuwa haƙƙin yaron ne, ba na iyayensa kaɗai ba, saboda haka wajibi ne a bayyana masa wannan ƙarara a nemi yardarsa, amintattun likitoci kuma su tabbatar ciwonsa ya kai tsananin da amfanin zai rinjayi cutarwar.

Haramcin yana wajen taɓa maniyyi ko ƙwan mace ko tayi, kamar yadda wani masanin kimiyya mai suna He Jiankui ya yi a Sin a 2018 har aka ɗaure shi shekara uku, domin cutar da ka iya biyo baya za ta gangara ga zuriyar da ba a nemi izininta ba.

Kuɗin maganin a Amurka dala miliyan 2.2 ne, sama da sefa biliyan ɗaya, kuma shari'a ba ta ɗora muku sayar da gida ko cin bashin ruwa dominsa ba. Ku riƙi abin da ke kusa: yawan shan ruwa, gidan sauro, allurar rigakafi, da tambayar likita ko maganin haidiroksiyuriya ya dace da shi. Ko da an yi masa gyaran ya samu lafiya, ƙwayar gadon sikila, wato S, tana nan a abin da zai gadar wa 'ya'yansa, don haka ranar da zai nemi aure bai halatta a ce wa dangin yarinya ya warke a yi shiru ba. A faɗa musu, ita ma a gwada jininta tun kafin a kai goro.

Allah ne Mafi sani.