Ɗan Adda, kalmar sirrina ta jami'a ba ta aro ba ce

Saƙon muryarka ya same ni a cikin jirgin ƙasa, minti bakwai cif. Biyar gaisuwa ce, na amsa, a gaida mutanen Hausare gaba ɗaya. Sauran biyun ne magana: kana rubuta kundinka na ƙarshen karatu a jami'ar Ngaundere da ke Dang, kana shirin neman gurbi a Faransa ta Campus France, hukumar da ɗalibai baƙi ke bi don neman karatu a ƙasar, kuma kafin nan kana so in turo maka sunan shiga da kalmar sirrina ta jami'a ka riƙa sauke mujallu daga ɗakin karatunmu na nan Faransa. Har ka ƙara da cewa, "Kawu, ai ba abin da zai ragu a jikinka."

Ba zan ba ka ba. Kai ne na huɗu da ya roƙe ni wannan a bana, biyu daga Garwa, ɗaya daga Marwa, shi ya sa na rubuta amsar a fili, kowa ya karanta in huta.

Na san inda tunanin ya fito, ni ma can na tashi. A shagon intanet na bakin kasuwa mu uku muke haɗa kuɗin awa ɗaya, mu matsu a kujera biyu, wannan bai rufe akwatinsa ba wancan ya buɗe nasa. Kwamfutocin PB HEV da gwamnatin Kamaru ta fara raba wa ɗalibai a ƙarshen 2017, guda ɗaya takan zagaye gida kaf, daga mai jarrabawa har mai kallon ƙwallon Coton Sport. A wurinmu wanda ya ɓoye kalmar sirrinsa marowaci ne. Da wannan tarbiyyar na sauka a nan, ita ce kuma ta kusa mayar da ni gida hannu rabbana.

Shekarata ta farko wani ɗan garinmu da ya girme ni ya tarbe ni a tasha, ya ba ni katifa a ɗakinsa sati uku, ya nuna mini inda ake sayen naman halal da rahusa. Rajistarsa ta ƙare, jami'a ta rufe asusunsa. Wata rana ya ce in ara masa nawa ya riƙa shiga intanet ɗin makaranta yana neman aiki. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Na rubuta masa a bayan tikitin bas, na manta da zancen.

Bayan wata biyu, saura kwana tara in miƙa wani babban aiki, na zauna a ɗakin kwamfuta na buga kalmar sirri, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na ɗauka yatsuna ne suka daskare don sanyi. Aka tura ni ofishin masu kula da na'urori, wata mata mai furfura ta juyo mini da fuskar kwamfutarta ba tare da ta ɗaga murya ba. Ga sunana, ga ranaku, ga sa'o'i har da mintuna, ga na'urori uku da suka shiga da asusuna, ɗaya kawai na sani. Ashe mutumina shi ma ya yi kyauta da abin da aka ara masa. Finafinai aka riƙa saukewa ta hanyar da doka ta hana, mafi yawa da yamma, lokacin da ni ina tsaye a bayan wani gidan abinci ina wanke tukwane.

Na ce wallahi ba ni ba ne. Ta ce ta yarda, amma hakan bai rage komai ba, ƙarawa ya yi. Ta buɗo takardar ƙa'idojin amfani da na'urori, wadda suke kira shart, wadda na danna wa "na amince" ranar da na buɗe asusu ban karanta ko layi ɗaya ba. A ciki an rubuta ɓaro-ɓaro cewa asusu na mutum ɗaya ne, ba a ara, ba a bayarwa, kuma duk abin da aka aikata da shi yana wuyan mai sunan. Mu muna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan mai sunan ruwa ke doka, ko yana barci aka ja.

Sati uku asusuna na rufe. Kada ka ɗauka intanet kawai na rasa. Darussan da malamai ke ɗorawa, jadawalin jarrabawa, wurin miƙa aiki, saƙonnin sashe, ɗakin karatu, injin buga takarda, duk ƙofa ɗaya ce da mabuɗi ɗaya. Aikin nan na miƙa shi a makare, darasin sai a zagaye na biyu na watan Yuni na ci shi. An tambaye ni wa na bai wa, na ƙi faɗa, don takardunsa ma a lokacin ba su da ƙarfi. Ka san me ya ce da na same shi? "Kai ma ka cika tsoron Turawa." Ko sannu. Wannan kalmar ta fi rufe asusun ci mini rai, har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina.

Ba tsoron Turawa ba ne, lissafi ne. Jami'o'in Faransa suna hawa intanet ta wata hanya ta ƙasa mai suna RENATER, wadda aka kafa a 1993, kuma kowace jami'a ta sa hannu cewa za ta tsare masu amfani da ita. Ana ajiye tarihin shiga da fita, galibi har shekara guda. Eduroam, wato wifin da za ka samu a jami'o'in Turai kusan duka, da sunanka yake buɗewa ko a wace ƙasa kake. Satar finafinai da waƙoƙi tana da hukumar da ke bibiyarta tun 2009, Hadopi, wadda aka narkar cikin Arcom a farkon 2022. Shiga na'urar da ba a ba ka izini ba kuwa laifi ne a sashe na 323-1 na kundin hukunta laifuffuka: ɗaurin da ya kai shekara uku da tarar yuro 100,000, wato sefa miliyan 65 da ɗoriya. Ita jami'a tana da nata kwamitin ladabtarwa, daga gargaɗi har kora ta shekara biyar, ko ta dindindin daga duk jami'o'in gwamnati. Ɗan ƙasa in an kore shi ya koma ɗakin uwarsa. Kai takardar zamanka a kan karatu take rataye, kuma masu sabunta ta suna duba ko da gaske kake karatun, suna neman sakamako. Shekara ɗaya ta lalace, sai ka fara dogon bayani a gaban tagar ofishinsu.

Abin da kake roƙo ma ya fi nawa saurin tonuwa. Ka ɗauka ina zaune a nan na shiga, bayan minti goma asusun nan ya shiga daga Ngaundere, ya sauke maƙala ɗari biyu a dare ɗaya don data ta fi araha da tsakar dare. Kamfanonin mujallu suna lura da irin wannan, kuma sukan toshe jami'a gaba ɗaya har sai an gano mai asusun. Ka ga ranar nan sunan kawunka ne zai zagaya sashe, ni da nake shekarar ƙarshe ta digirin digirgir.

Abin dariya, shekara biyu bayan rufe asusuna ni aka ɗauka aikin tsaron ɗakin kwamfutar nan, cikin awa 964 da doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki a shekara. Matar nan mai furfura ita ta sa baki aka ɗauke ni, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Daga kujerar nan na ga abubuwa. Na ga masu tashi sallah ko shan sigari su bar asusu a buɗe, na bayansu ya zauna ya buga shafi tamanin da kuɗinsu. Na ga yaron da ya zo da filashi daga gida cike da ƙwayar cutar nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi, na'ura ta kama shi tun bai zauna daidai ba. Na ga wadda ta tura tallan shadda da turare ga jerin adireshin ajinsu gaba ɗaya, aka kira ta ofis, don asusun na karatu ne, ba na kasuwa ko wa'azi ko siyasa ba. Wanda ya fi yawa shi ne saƙon ƙarya: "akwatinka ya cika, danna nan ka sa kalmar sirri." Sababbin zuwa ne ke faɗawa, don muna girmama duk takardar da ta zo da tambari. Masu kula da na'urori ba sa tambayar kalmar sirrinka, ko a waya ko a rubuce.

Wani abu da ba wanda ya gaya mini: adireshin jami'a mutuwa yake bayan ka gama. Kada ka buɗe banki ko neman takardar zama da shi. Ka riƙe naka na kanka tun daga Campus France, kuma kai za ka cike takardun neman gurbin, ba mai shagon intanet ba. Na san yara biyu da kalmar sirrinsu ke hannun mai shago har suka hau jirgi.

Batun kundinka kuma, ba a rufe ƙofa ba. HAL rumbu ne na kyauta da masu bincike a Faransa ke zuba maƙalunsu. Theses.fr yana da kundayen digirin digirgir, da yawa ana saukewa. Persée da OpenEdition cike suke da rubuce-rubuce kan tafkin Cadi, auduga da kiwo a Adamawa, fannin naka ke nan. Ka shiga ɗakin karatunku ka tambaya ko suna da rajistar Research4Life, shirin da ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe masu tasowa mujallu. In maƙala ta gagara, ka rubuta wa marubucin layi uku cikin ladabi, da yawansu suna turowa da murna.

Ka turo mini sunayen maƙalu goma da suka fi matsa maka, a rubuce, ba da murya ba, in duba waɗanda ke buɗe ga kowa in nuna maka inda suke. Ka gaya wa Adda kuɗin maganin Dada zai shigo ta Orange Money ranar Juma'a in Allah ya yarda. Kilishin da ta ce za ta ba ka ka kawo mini kuma ta bar shi, ba a shigo da nama Turai a jaka, a filin jirgi za su karɓe. Ta ƙara yajin dai.