Satifiket ɗin PMP zai ɗaga mini albashi, ko kuwa bashi kawai zan ci?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekarata huɗu ina aiki a wani kamfani mai gina wa mutane shafukan intanet da manhajojin waya. Ni ke tsara wa'adi, ni ke bin masu rubuta manhaja da masu zane, ni ke zama da kwastomomi, amma a takardar ɗaukata aiki "jami'ar tsare-tsare" aka rubuta. Sau ɗaya tak aka taɓa yi mini ƙarin albashi. Yaron da aka ɗauka bara yana rubuta manhaja har ya kusa kamo ni. Abin yana hana ni barci, don shekaru tafiya suke yi. Na ga tallan wani mai horarwa da ya ce duk wanda ya samu PMP, wato satifiket ɗin ƙwarewa a jagorancin ayyuka (Project Management Professional), albashinsa zai ƙaru da kashi 33 cikin 100, kuma manajan aiki a Amurka yana kwasar kusan dala 100,000 a shekara. Ya ce shi zai cike mini fom, ya rubuta ayyukan da ake buƙata, kuma in na ƙara kuɗi akwai wanda zai "taimaka" ranar jarrabawa. Sai na ci bashi kafin in iya biya. In ci? Wannan sana'a tamu tana da gaba ma kuwa?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ci bashin nan. Sana'ar tana da gaba, za mu zo kansa, amma bari in fara da mutumin nan, don kusan kullum sai na ci karo da wanda irinsa suka yi wa romon baka.

Alƙaluman da ya ba ki ba ƙirƙirar su ya yi ba, kuma nan ne haɗarin yake. Kashi 33 ɗin ya fito ne daga binciken albashi da cibiyar PMI (Project Management Institute) ta fitar a 2023, inda ta ce a ƙasashe 21 masu PMP sun fi marasa shi matsakaicin albashi da wannan adadi. To amma wace ce PMI? Ita ce mai satifiket ɗin, ita ke shirya jarrabawar tun 1984, ita ke karɓar kuɗinta. Ban ce ta yi ƙarya ba. Na ce ki duba wa ake bai wa PMP tun farko. Mai digiri ba zai zauna jarrabawar ba sai ya nuna wata 36 yana jagorancin ayyuka, wanda ba shi da digiri kuwa wata 60, ga kuma awa 35 na horo. Ke nan duk wanda kika gani da PMP, dama can tsohon hannu ne. In kika auna albashin tsofaffin hannu da na taron da ya haɗa da sababbin shiga, ai dole tsofaffin su rinjaya, ko da takarda ko babu. Binciken ya nuna cewa masu takardar suna samun kuɗi da yawa. Bai nuna cewa takardar ce ta kawo kuɗin ba, balle ya yi alƙawarin cewa maigidanki zai ƙara miki sulusin albashi washegarin cin jarrabawa. Na ga mutane da dama sun kai wa shugabansu satifiket da zumuɗi, ya ce madalla, ya yi musu murna a gaban abokan aiki, ƙarshen wata ya zo albashi yana nan inda yake.

Dala 100,000 ɗin ma tana da tushe. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a watan Mayun 2023 albashin tsakiya na ƙwararrun manajojin ayyuka dala 98,580 ne a shekara. Albashin tsakiya na nufin rabinsu ba su kai hakan ba. Kafin a cire haraji ne. Ya haɗa masu kula da gine-gine da masana'antu da ayyukan injiniya, ba 'yan dijital kaɗai ba. Kuma na mutanen da ke zaune a Amurka ne, suna biyan haya da inshorar lafiya da farashin can. Kamfanoni da yawa masu ɗaukar ma'aikata daga nesa suna yanka albashi gwargwadon inda mutum yake zaune, ba gwargwadon inda hedikwatarsu take ba. Mai tallan ya san wannan sarai. Bai faɗa miki ba ne don ba zai sayar masa da kwas ba.

Sai batun cike fom da "taimako" ranar jarrabawa, wanda shi ya fi ɓata mini rai. PMI tana tsamo wasu daga cikin masu nema ta binciki abin da suka rubuta, ta nemi shaidar karatu da tabbaci daga waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsu. Ayyukan bogi da wannan mutumi zai rubuta miki, su ne dai ya rubuta wa wanda ya zo kafin ke, da wanda zai zo bayanki. Jarrabawar da ake yi daga gida kuma da kyamara ake sa ido, ana duba katin shaida. In aka kama, sunanki ne zai ɓaci, ke za a soke wa sakamako, ke za a iya haramta wa sake nema. Shi kuwa ya canja lambar waya ya buɗe sabon shafi. Kuma mu ƙaddara ma ba a kama ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan sana'a kuwa ƙurewarsa ba ta wuce minti goma na ganawar ɗaukar aiki.

Na taɓa zama cikin masu tantance masu neman aikin manaja a wani kamfani. Wani saurayi ya zo da satifiket biyar, an jera haruffansu bayan sunansa kamar taragon jirgin ƙasa. Na ce masa: saura mako biyu a ƙaddamar da manhaja, kwastoma ya kira ya ce lallai sai an ƙara hanyar biyan kuɗi ta biyu, ba zai ƙara ko sisi ba, ba kuma zai ɗaga rana ba, me za ka yi? Ya gyara zama ya karanto mini matakan sarrafa canji daga ka, tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ba. Na ce to, wace magana za ka fara faɗa wa kwastoman a waya? Ya yi shiru yana kallon silin. Bayansa wata baiwar Allah ta shigo, ba ta da ko takarda ɗaya ta wannan fanni. Na yi mata tambayar. Ta ce za ta fara tambayar masu rubuta manhaja kwana nawa abin zai ci, sannan ta kira kwastoman ta ajiye masa zaɓi uku: a ɗaga rana, ko a ƙara kuɗi, ko a cire wani abu daga jerin farko a sa wannan a gurbinsa, kuma ba za a taɓa komai ba sai ya amsa a rubuce. Ta ce ta taɓa yarda da irin wannan da fatar baki, ta sha wuya, shi ya sa. Ita muka ɗauka, kuma a saman abin da aka ware wa kujerar.

Abin haushin a lamarinki shi ne ba ki ma buƙatar ƙaryar. PMI ba ta ce sai an rubuta "manaja" a takardar aikinki ba. Abin da take nema shi ne kin jagoranci aiki. In kina da digiri, shekara huɗun nan da kika yi kina riƙe da wa'adi da kwastomomi za ta iya isar ki, da ayyukanki na gaskiya, ki rubuta da hannunki. Mutumin nan yana son ya sayar miki da jabun abin da kike da na ainihinsa a aljihu.

Kada ki ɗauka ina ƙin satifiket ne. Yana da amfani guda ɗaya mai ƙarfi: yana buɗe ƙofa. Manyan kamfanoni, bankuna, da masu kwangilar gwamnati sukan sa PMP ko PRINCE2 (wani satifiket ɗin jagorancin ayyuka) cikin sharaɗi, kuma na'urar tace takardun masu nema tana iya watsar da taki tun kafin idon ɗan Adam ya gan ta. A Ingila da wasu ƙasashen Turai PRINCE2 ya fi tashe. A ƙananan kamfanonin manhaja kuwa ba kasafai ake damuwa da ko ɗaya ba. Don haka ki duba tallan ayyuka ashirin irin waɗanda kike hari, ki ƙirga nawa ne suka ce wajibi ne. In sun yi yawa, ki tara kuɗin a hankali ki yi, ki kuma fara tambayar kamfaninku ko zai biya, don da yawa suna da kasafin horo da ba wanda ke tambaya. Ki sani kuma ba a gama biya da cin jarrabawa: duk shekara uku sai an sabunta da awa 60 na ƙarin ilimi. Satifiket ɗin Scrum (wani salon tafiyar da aikin manhaja kashi-kashi) na kwana biyu kuwa, shaidar halartar aji ce da ɗan gwaji. A watan Janairun 2023 bankin Capital One na Amurka ya soke guraben aiki kusan 1,100 na masu tafiyar da aiki da irin wannan salo, ya ce injiniyoyi da manajojin haja, wato masu yanke abin da za a gina, za su haɗa aikin da nasu. Duk wanda gudanar da tarurrukan safe da matsar da katunan ayyuka a manhajar Jira ne kaɗai abin hannunsa, ya ɗauki darasi daga nan.

To me ke ɗaga albashi? Girman abin da aka damƙa miki, da girman asarar da za a yi in kika yi sake. Wadda ke bin mutane tana tambayar "an gama?" ana biyanta kuɗin mai tuni. Wadda ke riƙe da kasafi, take iya ce wa babban kwastoma a'a ba tare da ya gudu ba, take hango matsala wata guda kafin ta iso, ana biyanta kuɗin mai tsaron dukiya. Daga bayaninki kin fara yin aikin ta biyun da sunan ta farkon, kuma albashi sunan yake bi. Shi ya sa abin da za ki fara nema a wurin maigidanki shi ne gyaran muƙami a rubuce. Ki je da takarda ɗaya: ayyuka nawa kika kammala, nawa ne kuɗin kowanne, nawa suka fita a kan lokaci, kwastoma nawa suka dawo da sabon aiki. Kada ki ambaci yaron da ya kusa kamo ki. Kasuwarsa daban, taki daban, kuma da kin kawo shi zance ya koma ƙorafi.

Akwai kuma iyakar albashi da ba laifinki ba ce. Kamfani irin naku awoyi yake sayarwa. Awar mai rubuta manhaja ana caza wa kwastoma kai tsaye, taki kuwa sau da yawa ana ganin ta a matsayin ɗawainiya da ke cin riba, kwastomomi ma ita suka fi son a rage musu. A kamfanin da ke da manhajarsa ta kansa, ko banki, ko kamfanin sadarwa, jinkirin wata ɗaya asara ce mai yawa, don haka mai hana jinkirin yana da daraja. Kamfanin kwangila irin naku makaranta ce mai kyau, a shekara huɗu kin ga ayyukan da wani ba zai gani a shekara goma ba, amma ba kowa ya kamata ya tsufa a cikinta ba.

Ki yi lissafi da kanki. In ana ƙara miki kashi 3 cikin 100 duk shekara ba fashi, bayan shekara goma albashinki ya ƙaru da kusan kashi 34 ne kacal, kafin a cire abin da tsadar rayuwa ta cinye. Ke kuwa sau ɗaya aka ƙara miki a shekara huɗu. Manyan tsallen da na gani a rayuwar abokan sana'a ba daga ƙarin shekara-shekara suka zo ba. Sun zo ne lokacin da mutum ya sauya kamfani, ko ya tashi daga aiki ɗaya zuwa kula da gungun ayyuka da manajoji a ƙarƙashinsa, ko ya koma manajan haja mai yanke abin da za a gina, ko ya ƙware a fanni mai wuyar shiga kamar tsarin biyan kuɗi, bayanan lafiya, ko tsaron intanet. In aka yi miki tayin kwantiragi da kuɗin yini mai ɗaukar ido, kada ki ninka shi da kwana 260 na aiki a shekara. Ki cire hutu, da ranakun rashin lafiya, da makonnin da za ki zauna tsakanin kwantiragi da kwantiragi, da fansho da inshorar da yanzu ke za ki biya wa kanki, sannan ki kwatanta.

Shi kuma mai tallan, in ya sake kira, ki ce ya rubuta miki alƙawarin kashi 33 ɗin a yarjejeniya, ya sa hannu cewa zai mayar miki da kuɗinki in albashin bai ƙaru ba cikin shekara guda. Ki kuma tambaye shi cikakken sunan da ya yi rajista da shi, don PMI tana da kundin masu satifiket a shafinta wanda kowa zai iya dubawa kyauta. Na sa mutum uku sun yi wa irinsa wannan tambaya a bana, kuma har yau ba wanda aka sake kira a cikinsu.